Zuwan Nasara Kamar Yadda Ake Hango Shi Daga Ganuwar Gogaram

Idan aka tambayi ɗalibin da ya ratsa makarantunmu na Arewa ya faɗi yadda Turawan mulkin mallaka suka ci ƙasar nan, da wuya amsarsa ta wuce wasu 'yan ranaku da ya haddace kamar karatun allo. Zai ce ranar 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja; ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kano ta faɗi; ranar 15 ga Maris Sakkwato ta bi baya; ranar 27 ga Yuli kuma Sarkin Musulmi Attahiru na Farko ya yi shahada a Burmi. In ɗalibin mai himma ne, sai ya ƙara da Satiru da Haɗeja a 1906. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan jeri. Sai dai jeri ne da aka tsara daga wuri guda, wato daga fadojin Daular Usmaniyya, aka kuma shimfiɗa shi a kan dukkan mutanen da suka wayi gari a ƙarƙashin tutar Ingila, kamar dai kowa a wannan zamani a ƙofar fadar Sakkwato yake tsaye.

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu ɗauke mai karatu daga waɗancan fadoji mu tsayar da shi a Gogaram, tsohon birnin sarautar Bade, wanda a yau yake cikin ƙaramar hukumar Jakusko ta jihar Yobe, kimanin mil 27 kudu maso yamma da Gashuwa. Daga nan muke so a sake duban waɗannan shekaru, domin a ga abin da malamin tarihi ko na adabi zai samu idan ya yarda cewa zuwan Nasara labarai ne da dama, masu shi kuma ba harshe ɗaya suke magana da shi ba.

Ƙasar Bade ƙasar fadama ce, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke malala su haɗu su zama kogin Yobe. Mutanenta manoma ne da masunta, harshensu kuwa, wato Badanci, ɗan'uwan Ngizim ne da Duwai, dukkansu kuma 'yan gida ɗaya ne da Hausa a cikin harsunan Cadi. Tun da daɗewa Badawa suna ƙarƙashin ikon Galadiman Borno, wanda ya zauna a Nguru tun ƙarni na 17 yana tsaron yammacin daular. Da guguwar jihadi ta iso wannan yanki wajen 1808, ta tarwatsa su, suka koma neman inuwar Borno, sharaɗin inuwar kuwa shi ne gaisuwa da bayi. Wajen 1825 ne Lawan Babuje ya ga nauyin ya fi ƙarfin wuya, ya haɗa kan dangogin Bade, ya gina Gogaram ya kewaye ta da ganuwa, ya ce daga yau ba ya bin Fulani, ba ya bin Barebari. Ɗansa Mai Alhaji, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1893, ya shafe rabin ƙarni yana kare wannan ganuwa daga gabas da yamma. Ko Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya gagari Sakkwato kanta, a yaƙin da ya kai ƙasar Bade ya gamu da ajalinsa a 1863.

To, wa ya karya Gogaram? Ba Bature ba ne. Rabe ne, wanda ya fito daga ƙasar Sudan da bindigogi da horarrun dakaru, ya murƙushe rundunar Shehu Hashimi a 1893, ya ƙone Kukawa, ya kafa fadarsa a Dikwa. A zamanin Mai Duna, tsakanin 1893 da 1897, mayaƙan Rabe suka ci Gogaram. Ke nan ranar da ganuwar Badawa ta kasa kare su ta riga faɗuwar Kano da shekaru. Shi kansa Rabe Faransawa ne suka kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900, suka bi ɗansa Fadarallah har Gujba, wadda ita ma a jihar Yobe take yau, suka kashe shi a 1901. Da Turawan Ingila suka shigo Borno a 1902, ba su tarar da wata daula mai ƙafa biyu da za ta tare su ba. Shehu Garbai, wanda Faransawa suka ɗora wa tara mai nauyi a Dikwa, ya ƙauro ɓangaren Ingilishi suka tabbatar masa da sarauta. Mai Saleh na Bade, wanda ya hau a 1897 ya kuma zauna har 1919, suka amince da shi a matsayin sarki mai cin gashin kansa, ba a ƙarƙashin Shehu ba, ba kuma a ƙarƙashin Haɗeja ba.

Ya kamata mu dakata a nan, domin a nan ne jerin ranakun da muka fara da shi yake tuntuɓe. Abin da Lawan Babuje ya gina ganuwa dominsa, abin da Mai Alhaji ya yi shekara 50 yana zub da jini a kansa, wato a yarda Bade ƙasa ce mai sarkinta, a hannun baƙon da ya zo cin ƙasa aka same shi a rubuce. Wannan magana tana da ɗaci a bakin duk wanda ya tashi da labarin Burmi, mu ma kuwa da shi muka tashi. Amma ɗalibin da bai san ta ba, ba zai taɓa gane yadda 'yan tsirarun Turawa suka mallaki ƙasa mai faɗin wannan ba. Rundunar da ta ci Kano a 1903 Turawanta ba su kai 50 ba, sojojinta baƙar fata kuwa sun haura 700, da yawansu da Hausa aka ba su umarnin harbi. Bindiga mai ruwa ta yi aikinta, ba mu musa ba. Sai dai masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa tana nan tun kafin Lugga ya taka Lakwaja.

Dubi shekarar 1906. Ranar 25 ga Afrilu sojojin Ingila suka shiga Haɗeja da yaƙi, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka kashe shi tare da manyan fadawansa da jama'a masu yawa, shi ya sa har gobe Mai Shahada ake ce masa. Jaruntaka ce da ta cancanci a koyar da ita, muna kuma koyar da ita da alfahari. Amma hankali kaɗai ya isa ya nuna cewa wannan labari ba zai yi amo iri ɗaya ba a kunnen Bahaɗeje da kunnen tsohuwar da ta girma a ƙauyen Bade tana jin ana cewa a gudu fadama, ga dawakin yamma nan. A aji guda na jami'a yanzu akwai jikan wanda ya faɗi a ƙofar fadar Haɗeja, akwai kuma jikar wadda aka yi wa wancan kashedi. Idan malami ya ba da labarin da murya ɗaya, ɗayansu zai fita da sanin cewa kakanninsa su ne tarihi, ɗayar kuma ta fita da zaton nata kakannin ciyawa ce da dawakin tarihi suka tattaka suka wuce. Wannan shi ne abin da ke cikin tukunya, ya kuma fi ƙarfin cin jarrabawa.

A wannan shekara dai, a can yamma kusa da Sakkwato, talakawan Satiru, waɗanda da yawansu gudaddun bayi ne, suka tashi a watan Fabrairu suka kashe jami'an Turawa, aka dawo a watan Maris aka shafe garin daga doron ƙasa, dakarun sarakuna kuwa suna gefen Turawa. Wata biyu ne kacal tsakanin Satiru da Haɗeja. A ɗaya sarki ne ya mutu yana yaƙar Nasara, a ɗaya kuma sarakuna ne suka taya Nasara kashe talakawa. Duk wanda ya ce "mutanen Arewa sun yi kaza" game da 1906, sai a tambaye shi, waɗanne?

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A ƙasar Meziko, an daɗe ana ba da labarin yadda Sifaniyawa suka ci daular Aztek tsakanin 1519 da 1521 daga bakin su Sifaniyawan. A 1959 masani Miguel León-Portilla ya tattara bayanan da mutanen ƙasar suka bari da harshensu ya buga, aka ce to, ga muryar waɗanda aka ci. Daga baya masana suka ƙara lura cewa waɗanda aka ci ɗin ma ba baki ɗaya gare su ba, domin mutanen Tlaxcala, da suka daɗe suna gaba da Aztek, da dubbansu suka yi yaƙi a gefen baƙin, suka kuma rubuta nasu tarihin suna kirga kansu cikin masu nasara. Sauya labarin Bature da labarin fada guda ɗaya rabin aiki ne.

Mu koma gida. Arewa da Gogaram akwai Mangawa, mutanen gishiri da kanwa, waɗanda fataken Hausa suka daɗe suna bi ta kansu. Su zuwan Nasara a wajensu layi ne da aka ja a takarda. Ingila da Faransa sun yi yarjejeniyar iyaka a 1890, suka sake a 1898, suka kuma gyara a 1904 da 1906, babban dalilin gyaran kuwa shi ne Faransawa suna neman hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram har tafkin Cadi. Tsakanin 1906 da 1908 ayarin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamu. Aka wayi gari Machina da Nguru suna ɓangaren Ingilishi, Gure da sauran ƙasar Muniyo suna ɓangaren Faransi, dangi ɗaya, haraji biyu, harshen hukuma biyu. Abin lura ga mai nazari shi ne, tafintan ayarin Tilho, wani mai suna Landeroin, ya bi fadoji yana rubuta tarihin da dattawa suka ba shi, aka buga shi da Faransanci. Ke nan wani yanki na abin da kakannin Mangawa suka faɗa game da kansu yana kwance cikin harshen da jikokinsu na wannan ɓangaren ba sa karantawa, ɗalibanmu kuma ba su cika leƙa shi ba.

Ita Nguru labarinta daban ne. Ƙarfin Galadima ya riga ya zube tun ƙarni na 19 a zamanin Shehu Laminu da zuriyarsa, saboda haka 1902 ba ta tarar da wani abu mai yawa da za ta rushe ba. Nasaran da ya sauya Nguru a kan dogo ya zo, lokacin da layin jirgin ƙasa daga Kano ya iso garin a 1930 ya tsaya. Gyaɗa da fata da ƙiraga da ƙaro da shanu suka riƙa gangarowa tasha, Hausawa da Yarbawa da Inyamurai da Kwarori suka kafa unguwanni da kantuna. Ita ma fadar Bade daga bisani ta bar Gogaram ta koma Gashuwa kafin Turawa su tafi. Ta kasuwa da tasha da ofishin En'e Hausa ta ƙara samun gindin zama a wannan yanki, har ta kai yau ana samun yara a gidajen Badawa waɗanda Hausa ta fi Badanci sauƙi a bakinsu. Mu ma'abota sashen Hausa ya kamata mu iya faɗin wannan ba tare da kunya ko taƙama ba: yaɗuwar harshen da muke ci da shi tana cikin abubuwan da mulkin mallaka ya haifar a bakin kogin Yobe.

Akwai kuma waɗanda ba su da fada ko kaɗan. Bafulatanin daji, wanda annobar shanu ta wajen 1890 ta share masa garke kafin ya taɓa ganin Bature, ya san sabon zamani ne ta hanyar jangali da malamin da ke zuwa ƙirgar wutsiya. Manomi kuwa, in an ce masa 1914, ba haɗewar Kudu da Arewa zai tuna ba, yunwar Kakalaba zai tuna, wadda ta biyo bayan farin 1913 alhali ana neman haraji da kuɗi. Sai bayi, waɗanda su ne suka fi kowa yawa cikin marasa murya. Dokar Lugga ta 1901 ta hana kamu da cinikin bayi, ta kuma 'yanta duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara, amma ba ta saki waɗanda ke hannu ba. Hukuma ta fi son bawa ya zauna ya biya murgu ya fanshi kansa a gaban alƙali, domin kada gandayen sarakunan da take mulki ta hannunsu su bushe. Sai a 1936 aka soke bautar baki ɗaya. Duk da haka, Lovejoy da Hogendorn, a littafinsu na 1993 kan mutuwar bauta a Arewa, sun ƙiyasta cewa bayi wajen 200,000 ne suka tsere a shekarun cin ƙasar. Ga mutumin da aka kamo daga fadamar Bade yana yaro aka sayar a Kano, faɗuwar Kano ƙofa ce da aka manta ba a kulle ba. Baba ta Karo, Bahaushiyar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda bayin gidansu suka watse bayan zuwan Turawa, ita kuwa daga ɓangaren iyayengiji take magana.

Wani abin da ke sa mutum ya yi shiru shi ne, kalmomin Badanci da na Ngizim da na Duwai suna cikin littafin da Bajamushen nan ɗan mishan, Koelle, ya buga a 1854, wanda ya tattara kalmomin harsunan Afirka fiye da 100. A ina ya samo su? A Firitawun ta ƙasar Saliyo, daga bakin mutanen da aka ƙwato daga jiragen bayi. Wato tun kafin Bature ya kafa mulki a Borno da kusan shekara 50, akwai Babade da ya bi ta hannun dillalai har bakin teku, ya zauna gaban wani baƙo yana faɗa masa yadda ake cewa ruwa da wuta da uwa a garinsu.

Kada a ɗauka muna wanke Turawa, ko muna mai da Badawa waliyyai. Wanda ya amince da Mai Saleh bai yi don ƙaunar Bade ba, ya yi ne don yana neman wanda zai tara masa haraji, amincewar kuma ta zo da Razdan da Di'o a bisa kan sarkin. Mulkin da Turawa suka yi ta hannun sarakuna, ko'ina aka yi shi, ya ƙara wa fada ƙarfi a kan ƙauyukan da a da suke da ta cewa. Haka kuma bayin da Bade ta riƙa kai wa Borno gaisuwa kafin 1825 ba daga sama suka faɗo ba, 'ya'yan wasu ne. Saboda haka idan an ce a saurari muryar Bade, sai a sake tambaya: ta fadar Gogaram, ko ta masuncin da ke biyan ta, ko ta matarsa? Jerin sunayen sarakuna da shekarunsu, irin wanda muka kawo a sama, shi ne abin da ya fi sauƙin samu, domin shi Turawa suka fi tambaya, shi kuma fada ta fi son bayarwa.

A nan ne muke ganin malamin adabi yana da abin da zai ba malamin tarihi. Rahoton da Di'o ya rubuta bayan rangadi, irin waɗanda ke jibge a gidan ajiyar takardun tarihi na Kaduna, matani ne mai mai-ba-da-labari kamar kowane ƙagaggen labari, ya kamata kuma a karanta shi da irin tambayoyin da muke yi wa ƙagaggen labari. Wa ke magana? Wa yake so ya burge? Dattijon ƙauye ya yi magana da Badanci, wani ya juya zuwa Barbarci ko Hausa, tafinta ya juya zuwa Ingilishi, dogarin sarki kuma yana tsaye yana saurare. Me ya rage na maganar farko? Marigayi Yusufu Bala Usman ya daɗe yana jan kunnen ɗalibai a Zariya cewa rubutun Bature ba ya fin labarin baka tsarki don kawai an rubuta shi, ya kuma gwada haka a kan abin da Barth ya rubuta game da Katsina. Haka nan waƙoƙin ajami na zuwan Nasara, irin ta Alhaji Umaru na Salaga, taska ce, amma muryar malamai ce, malaman kuma na wani gari da wani ra'ayi. Idan aka ajiye wa ɗalibi rahoton Bature, da waƙar malami, da kirarin wani Mai na Bade, da waƙar niƙa ta matan fadama, aka ce ya faɗi inda suka haɗu da inda suka rabu da dalilin rabuwar, ya koyi abin da haddar ranaku ba za ta koya masa ba. Ba kuma cewa muke duk labari daidai yake da ɗan'uwansa ba. Wani ya fi wani hujja, aikin ɗalibi ne ya auna.

Wani zai ce tono irin wannan tsohuwar gaba a aji hatsari ne, musamman a jihar da ta sha wahalar rikici. Muna jin wannan tsoro, ba mu raina shi ba. Amma su waɗannan labarai ba su mutu ba, suna nan ana faɗinsu a zaure da tsakar gida, kowane gida da nasa, babu mai gwama shi da na maƙwabci. Aji ne kaɗai wurin da za a iya ajiye su gefe da gefe a gaban shaidu. An cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu wajen 2009, aka yi shelar dawo da shi a 2022, waɗanda za su koyar da shi a Jakusko da Gashuwa da Nguru kuwa su ne ɗaliban da ke zaune gabanmu yanzu.

Saura batun lokaci da harshe. Duk wanda ya ga shigar mayaƙan Rabe Gogaram ko zuwan Bature na farko ya daɗe da kwantawa dama. Waɗanda suka rage su ne waɗanda suka ji daga bakin masu gani, wato haihuwar shekarun 1930 da 1940, mafi ƙanƙantarsu kuwa ya haura 70. Ɗalibin da zai je wurinsu ba ya bukatar abin da ya wuce wayar da ke aljihunsa da izinin dattijon. Amma in ya yi tambaya da Hausa, da Hausa za a ba shi amsa, a taƙaice, irin amsar da ake ba baƙo, kirari da waƙa da habaicin da ke ciki kuwa su tsaya a maƙogwaro, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, a harshen mai ita kuma take fita. Sashenmu yana da ɗalibai Badawa da Ngizimawa da Mangawa da Barebari da Fulani waɗanda suke rubuta kundin digiri kowace shekara. Kundin da aka ɗauko da Badanci, aka rubuta shi da Badanci a shafin dama, fassarar Hausa a shafin hagu, da sunan ƙauyen da ranar da aka ɗauka, aiki ne da ɗalibi ɗaya zai iya gamawa a hutun rani guda, lokacin da ruwan fadama ya janye hanyar Gogaram ta buɗe.